Allin Tela a Bangon Banɗakin Kaka

Zuwa ga 'yar kawuna, 'Yar Firit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da mura da ta kama ni ta wujijjiga ni, ta sake ni. Ina fata har yanzu iska ba ta yi awon gaba da ke ba. In za ki fita ki riƙa sa dutse a jaka.

Kin san ni da rubutu ba ma ga maciji. Kaka ce ta tsare ni, ta ce maganar waya iska ce, ita takarda take so, wadda za a karanta mata a sake karanta mata. Don haka ke ma da takarda za ki ba da amsa.

An sallamo ta daga asibiti. Ƙashin ƙugun ya haɗe, tana takawa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, tana tafe tana zaginsa. Tafiyar ba ita ce damuwa ba, wanka ne. Kin san banɗakinta: ga dakalin nan a bakin ƙofa da sai an ɗaga ƙafa, ga simintin da ya sha sabulu har yana sheƙi. A nan ta faɗi. Tun da ta dawo, wata mata da Kawu ya ɗauka ce ke yi mata wanka a kan kujerar roba. Matar ba ta da laifi, tana da haƙuri, amma duk ranar da aka yi wankan Kaka ba ta cin abinci, sai ta juya fuska bango. Jiya ta ce min, "Dogo, ni da na wanke uwarka na wanke kawunka, yau ni ake ce wa ɗaga hannu a cuɗa miki?" Wallahi na rasa inda zan sa idona.

Shi kuwa Kawu, mahaifin naki, ya riga ya yanke magana. Ƙarshen watan gobe zai zo da mota ya ɗauke ta zuwa benensa, a rufe gidan nan. Kaka ta ƙeƙashe ƙasa ta ce sai dai a fitar da gawarta. Da ƙyar na shawo kansa ya sa sharaɗi: in ya zo ya ga da idonsa ta shiga banɗaki ita kaɗai, ta yi wanka ta fito ba wanda ya riƙe ta, zai ƙyale ta. Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ya tabbata ba za a iya ba.

Ni tela ne, iyakata almakashi da keken ɗinki. Ke ce kullum kike cika mana baki da shagonku na kayan banɗaki, wai kina zana wa manya inda za su yi wanka. To ga ranarki ta zo. Ki gaya min abin da za a fasa da abin da za a gina, ni zan tsaya a kai. Kaka ba za ta bar gidan nan ba ina numfashi.

Naki,
Dogo

*

Zuwa ga Dogo, falwayar gidanmu,

Na ga takardarka, na yi hamdala da jin an sallamo Kaka. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai dai tsayuwa da ke kumbura min ƙafa. Ka gaishe ta, ka ce mata jikarta ta fi jikanta hankali, ta dai sani.

Da na kai wajen maganar cuɗa, sai da na shige bayan kanta na share ido. To kuka ba zai gyara banɗaki ba, bari mu shiga aiki.

Na sa maka littafin hotunan kayanmu a ambulan, ka nuna wa Kaka ta sha kallo. Za ku ga abin da ake yayi yanzu. Famfo mai ganin hannu, kana miƙa hannu ruwa ya zubo. Madubi mai wuta a gefe wanda tururi ba ya rufe shi. Masai a liƙe a bango, ba ya taɓa ƙasa, murfinsa na ɗagawa da kansa in ka matso. Shawa daga silin kamar ruwan sama, da bangon gilashi a maimakon labule. Masu kawo mana kaya ma cewa suke nan gaba ruwan da ka yi wanka da shi za a tace a kora masai da shi, masan kuma har lafiyarka zai riƙa dubawa. Duk wannan don kallo na aiko, ba ko ɗaya da za mu sa.

Abin da masu zane suka fi mayar da hankali a kai yanzu ba ya sheƙi ko kaɗan. Shi ne banɗakin da zai tsufa tare da mai shi, wanda mutum zai shiga da ƙafarsa yau, ya shiga da sanda gobe, ba tare da an sake fasa komai ba. Irinsa za mu yi wa Kaka.

Ka buɗe kunne. A fasa dakalin bakin ƙofa, ƙasan banɗaki ya zama daidai da na baranda. Mai tayil zai ce maka ruwa zai fito, ka ce masa ya yi wa ƙasan gangara kaɗan zuwa rariyar da ke jikin bangon ƙurya. Tayil na ƙasa ya zama mai kaushi, ƙanana, kar ka yarda ya ruɗe ka da mai sheƙi. A juya ƙofa ta riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba. Ni zan aiko da kujerar da ake kafawa a bango, da shawa ta hannu mai doguwar igiya, da sakata wadda take kulluwa daga ciki amma ana iya buɗe ta daga waje in ta kama. Sai babban abu, ƙarfen riƙewa. Da shi za ta zauna, da shi za ta tashi, in bai zauna daidai ba duk sauran aikin banza ne.

Don haka ka auno min ita: daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, daga ƙasa zuwa kafaɗa, da tsawon hannunta. Wannan kam ai sana'arka ce, ba sai na koya maka ba.

Kuma kar ka riƙe Baba a zuciya. Abin da ya faɗa gaskiya ne, yadda banɗakin nan yake Kaka ba ta da zama a gidan nan.

Taka,
'Yar Firit

*

Zuwa ga Injiniya 'Yar Firit,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Kaka ma da sauƙi, yanzu har tsakar gida take kaiwa ta zauna tana ba ma'aikata umarni. Ki riƙa ɗora ƙafar taki a kan matashi, ai ba ta da nauyin ɗagawa.

Littafin hotunanki ya ba mu nishaɗi. Da Kaka ta ga masan da ke ɗaga murfi da kansa, sai ta ce, "Wannan ai ya fi Dogo ladabi." Da ta zo kan bangon gilashi ta rufe littafin, ta ce mutanen yanzu kunya ta ƙare musu har sun kai ga gina banɗaki don 'yan kallo. Famfo mai ganin hannu kuwa cewa ta yi in yana ganin hannu, me kuma yake gani?

Mai tayil ya so ya kashe ni da gardama. Na yi masa bayani, ya gyaɗa kai, na leƙa shago in yanka wani wando, kafin in dawo mutumin nan ya sake gina dakalin, har ya goge shi tas yana jira in yaba. Wai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin banɗaki ba dakali ba, hannunsa ne ya gina ba shi ba. Na ɗauko guduma na miƙa masa, na tsaya a kansa har ya fasa. Da ya gama shimfiɗa tayil ɗin na cika bokiti na sheƙa a tsakiya. Ruwan nan ya yi ɗan jim, sannan ya juya ya nufi rariya, ko ɗigo bai leƙo baranda ba. Yanzu shi ke kiran maƙwabta su zo su gani, wai dabararsa ce.

An juya ƙofa. Awon da kika ce kuwa ba sai na ɗauko tef ba. Shekara nawa ina ɗinka wa Kaka riga? A kaina yake, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Na rubuta miki shi a bayan takardar nan.

Layinki na ƙarshe ban karanta wa Kaka shi ba, tsallakewa na yi. Ban gane inda kika dosa da cewa ba ta da zama a gidan nan ba. Ina fata dai bakin alƙalami ne ya zame.

Naki,
Dogo

*

'Yar Firit,

Muna lafiya. Ke ban san yadda kike ba, tunda kin ɗauke mana ƙafa.

Kaya sun iso tuni, da zanenki mai nuna inda za a huda bango, amma ko gaisuwa ba ki sa a ciki ba. Na zazzage kwalin har sau biyu. Kaka na tambayata ina takarda, na ce tana hanya. Na gaji da faɗin tana hanya.

An kafa komai yadda kika zana, ban kauce ko da faɗin zare ba. Shekaranjiya muka yi gwaji, da kayanta a jiki. Ta shiga lafiya, ƙafar ƙarfenta ba ta ci karo da komai ba. Ta zauna a kujerar tana murmushi. Sai na ce to Kaka tashi mu gani. Ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa ƙarfen da ƙyar. Ta yunƙura ta kama shi, kafaɗarta ta amsa, ta koma ta zauna. Ta sake, ta sake, har gumi ya keto mata. Daga ƙarshe ni na ɗaga ta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kira min matar nan, gobe ta zo da wuri." Yau da safe na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a akwati.

Kawu ya aiko cewa yana nan tafe kamar yadda ya faɗa, har ya sa an share mata ɗaki.

Yanzu na gane layin nan naki. Tun farko kina bayan mahaifinki, kika bar ni ina fasa bango kamar mahaukaci, ke kuma kika zana ƙarfe a inda sai mai tsayina zai kama. In haka ne ai sai ki fito fili ki faɗa, jini ba wasa ba ne, ba wanda zai ga laifinki. Na ga kiranki a waya, ba zan ɗauka ba. Ni dai ban haƙura ba, ko da igiya zan ɗaura a silin sai Kaka ta tashi da kanta.

Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa, duk da ba ka cancanta ba. Ina lafiya, na gode da tambayar da ba ka yi ba. Ka gaida Kaka, kuma wannan takardar ka karanta mata ita duka, ban yarda ka tsallake ko wasali ba.

Haba Dogo! Ni za ka ce ina bayan a rufe gidan da aka goya ni? Tura ni aka yi wani otal da ake ginawa, ina tsaye kan masu kafa kaya tun safe har rufe ƙofa, ƙura har cikin kunne. A tsaye na yi maka zanen, na rubuta takarda daban na ba direban da ya kai muku kayan, jiya na tsince ta a aljihun motarsa ta yi laushi. Layin kuma ka koma ka karanta da idon da ba fushi a ciki. Cewa na yi yadda banɗakin yake, wato kafin a gyara. Baba ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Shi ya ɗauke ta daga ƙasa ranar da ta faɗi, ka manta? Igiya kuwa in ka kuskura ka ɗaura, ni da kai ne.

Yanzu ga maganar da ta fi. Na ɗauko awon da ka aiko na sa a gaba, na auna a jikin bangon ɗakina na yi alama. Na ja baya na duba, sai ga Kakar da na sani a tsaye, wadda ke ɗauko tulu daga saman kabad ba ta taka komai ba. Dogo, yaushe rabonka da ka ɗora mata tef? Awon rigar da ka ɗinka mata tun ina makaranta ka ba ni. Kaka ta ranƙwafa, ciwon nan ya ƙara tanƙwara ta, ni da nake nesa a hoto na gani. Kai da kake kwana gida ɗaya da ita ba ka gani ba, don ba ka so ka gani. Ban ga laifinka ba, ni ma da na ja alamar nan sai da na zauna a ƙasa.

Ka bar tef ɗin ma, ba shi za mu bi ba. Ka ɗauko allinka na ɗinki, shuɗin nan, ka goga mata a tafin hannu biyu har ya kama. Ta shiga, ta zauna, ta yunƙura kamar za ta tashi, kai kana riƙe da ƙugunta ta baya. Kar ka ce mata ga inda za ta dafa, ka bar hannun ya je inda yake so. Ku maimaita har sai shaidar ta taru wuri ɗaya. A nan za a huda.

Na ba direba wani ƙarfen, kuma na tsaya har ya sa takardar nan a aljihun rigarsa. Na saman kar ku cire shi, cirewa zai fasa tayil, lokaci kuma ya ƙure. A bar shi a wurin, ba ya cin abinci.

Kaka, ke nake wa magana yanzu: ki kwashe zannuwan nan ki mayar kabad. Ba inda za ki.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
'Yar Firit

*

Zuwa ga 'Yar Firit, babbar Injiniya,

Gaisuwa da ban girma, yau kam har da cire hula. Muna lafiya ƙalau, ina fata ƙurar otal ta fita daga kunnenki. Na janye maganata, ki yi haƙuri. Kaka ma ta yi min tatas da na karanta mata, ta ce tsayi ne kawai Allah ya ba ni.

Na goga mata allin tana mita, wai na mayar da ita yadi. Ta shiga ta zauna, na riƙe ta ta baya, ta yunƙura. Hannun bai nufi inda muke zato ba. Can ƙasa ya sauka, kusa da gwiwarta, ya ɗan karkata gaba. Muka yi ta yi har bangon ya cika da shuɗin tafin hannu, ɗaya kan ɗaya, duk a wuri guda. Tsakaninsu da ƙarfenmu na farko ya fi kamu ɗaya. Na tsaya ina kallon tazarar nan. Kaka ta dube ni ta ce, "Me kake kallo? Ai ni na daɗe da sani. Rigunan da kake ɗinka min duk sai na naɗe hannu." Ashe shekaru tana naɗewa ba ta faɗa min ba.

Mai tayil ya huda a tsakiyar shuɗin, ya ɗan karkata ƙarfen yadda hannun ya nuna.

Kawu ya zo jiya da hantsi, da mota da direba, har da bargo a kujerar baya. Ya gaida Kaka, bai zauna ba, ya ce a nuna masa. Ya shiga banɗakin yana ƙwanƙwasa tayil, ya goga takalmi a ƙasa ya ji kaushi, ya jijjiga ƙarfen na ƙasa da ƙarfinsa. Sannan ya ce bari ya ji ko kujerar za ta ɗauki mutum, ya zauna. Da ya zo tashi, gwiwarsa ta yi ƙara, sai kawai hannunsa ya kai sama ya damƙi ƙarfen farko, wanda muka kafa bisa kuskure. Ya miƙe cak, kamar don shi aka auna. Ya tsaya riƙe da shi, ya dube mu, mu ma muna dubansa. Kaka daga bakin ƙofa ta ce, "To madalla. Na sama naka ne, na ajiye maka. Fito ka ba ni wuri."

Ta ɗauki soso da sabulu ta rataya tawul a ƙarfen tafiyarta ta shiga. Matar nan mai wanka ta taso za ta bi ta, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta ja ƙofa. Sai muka ji sakata ta ce ƙaras.

'Yar Firit, tun ranar da ta faɗi Kaka ba ta rufe wa kanta ƙofa ba sai jiya. Kawu ya matsa jikin ƙofar ya kafa kunne, na nuna masa yadda ake buɗe sakatar daga waje, ya ɗora yatsa a kai bai ɗauke ba. Ruwa ya fara zuba. Ya zuba, ya tsaya, ya sake zuba. Can sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ni ma na matso jikin ƙofar. Kawu ya ce, "Inna? Inna, lafiya?" Daga ciki ta ce, "Kai, tafi can! Mutum ba zai goge jikinsa ba?"

Ta fito da kanta, ɗankwali a karkace, ruwa na ɗiga daga gira, tana ƙamshin sabulu. Kawu ya juya. Ya fita waje, na ga ya daɗe a jikin mota yana goge tabarau, sannan ya buɗe baya ya ɗauko bargon ya shigo da shi ya shimfiɗa a gadonta. Ya ce direba ya tafi, shi zai kwana. Kafin ya kwanta ya tambaye ni ko za ki iya leƙa banɗakin benensa in kin zo hutu, wai ba don komai ba, don dai ki gani.

Kaka ta cinye abincinta tas ta nemi ƙari. Ta hana a goge shuɗin da ya rage a gefen ƙarfen, amma ruwa na cinye shi a hankali, in kina so ki gani ki yi sauri.

Yau da safe ta aiko a kira ni daga shago, ta ce in zo da tef. Ta dafa ƙarfenta ta tsaya, na auna ta daga kafaɗa zuwa ƙasa, na auna hannu. Ina durƙushe ta dafa kaina ta ce in ɗinka ta daidai jikinta na yanzu, ta gaji da sa rigar wata mata. Na riga na yanka yadin.

Naki har kullum,
Dogo